Yadda ake neman haƙƙin yara masu otizim da masu buƙata ta musamman a Tawa, mataki-mataki

Tun ranar da ɗana ya koma aji bayan ya shekara yana zaune a gida, da wuya a yi mako biyu wata uwa ba ta tare ni ba, ko a gidan suna ko a bakin kasuwa, ta ce, "Madam, yaya kuka yi?" Wasu kuma saƙon murya suke turo mini daga Konni da Madawa da Keita. Amsar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu, shi ya sa na zauna na jera ta a rubuce. Ni malamar lakkol ce a nan Tawa, kuma uwar yaro mai otizim, lalurar da wasu ke kira galahanga. Wannan ita ce hanyar da muka bi, mu iyaye kaɗan tare da wasu makafi da guragu na unguwarmu, har da wuraren da muka yi tuntuɓe. Mai ɗa kurma ko mai ɗiya a keken guragu ma ita zai bi, abin da zai nema ne kawai zai bambanta.

1. Ku fara da gida biyar

Kada ku jira sai kun cika fili. Gida biyar zuwa goma sun isa a soma. Wahalar ita ce gano su, domin yawancin yaran nan suna ƙuryar ɗaki, ba a fita da su biki, ba a aikensu. Waɗanda suka san inda suke su ne ungozoma, mai kitso, malamin makarantar allo, ma'aikaciyar awon yara a CSI (cibiyar lafiya ta unguwa) da uwar adashe. Ta bakinsu za ku aika a nemi izinin zuwa gaisuwa.

In kun shiga gida, ku fara da labarin naku ɗan. Wata tsohuwa da na fara zuwa wurinta sai da ta ji nawa tsaf, sannan ta ɗaga labule ta nuna mini jikanta yana zaune yana ta juya murfin kwano. Ta ce, "Ɗiyata, ba ɓoye shi muke ba, bakin mutane muke gudu." An sha ce mata ɗan ruwa ne, a kai shi bakin tafki.

Tun a wannan mataki ku nemi manyan da ke da naƙasa su shigo. Ku gaida sarkin makafi da sarkin guragu, ku je wurin wakilan tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, da ke jiha. Sun riga ku sanin ƙofofin ofisoshi da shekaru, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Iyaye ba za su yi magana a madadin babban mutum mai bakinsa ba.

Hattara: kada ku fito da bik da takarda a ziyarar farko. Da an ga ana rubuta suna, sai a ɗauka proje ne ya zo da shinkafa, kuma ranar da aka gane babu rabo za a watse a bar ku da baƙin jini. Ku faɗa tun farko cewa ba ku da abin rabawa.

Kuɗin wannan mataki bai wuce na shayi da ruwan leda ba. Mu mun tsayar da sefa 500 kowane gida a wata, wanda bai samu ba kuma ba a hana shi zama.

2. Takardu biyu na kowane yaro

Kafin ku tunkari kowace hukuma, kowane yaro ya mallaki takardar haihuwa da takardar likita. In babu su, tun daga bakin ƙofa za a mayar da ku, kuma da hujja.

Ta haihuwa dai, doka ta ba da kwana 60 a yi shelar haihuwar yaro. Wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta kotu a ba shi hukuncin da ke maye gurbinta. Yaran da ake ɓoyewa da yawa ba a taɓa yi musu ba. Ku tambaya a ofishin magajin gari ko akwai zaman kotu na tafi-da-gidanka da ke tafe, ku kai yaranku gaba ɗaya rana guda.

Ta likita ta fi cin lokaci. Ku fara daga CSI na unguwa, ku nemi takardar turawa zuwa babban asibitin jiha ko cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro. Abu na farko da za ku roƙa shi ne a gwada jin yaron, don yaro kurma da yaro mai otizim duka ba sa waiwayowa in an kira su, amma taimakon da kowanne ke buƙata daban ne. In yana faɗuwa, ko yana ƙurawa wuri ɗaya ido na ɗan lokaci kamar ya ɗauke, ku faɗa, saboda farfaɗiya kan haɗu da otizim, kuma ita tana da magani.

Ba a ganin otizim a gwajin jini ko a hoton kai. Likita kallon yaron yake yi, yana yi wa iyaye tambayoyi. Don haka ku je da shiri: yaushe ya fara magana, ko ya fara sannan ya daina, yana nuna abu da yatsa don ku kalla, yana haɗa ido, yana maimaita motsi ɗaya ko kalma ɗaya, wace ƙara ce ke tayar masa da hankali, wane abinci kaɗai yake yarda ya ci. Ɗan bidiyon minti ɗaya da kuka ɗauka a gida ya fi dogon bayani, domin a gaban likita yaro kan yi tsit ko ya birkice. Ƙwararrun wannan fanni galibi a Yamai suke, tafiyar fiye da kilomita 500, saboda haka kada ku hau mota sai an tabbatar muku da ranar ganin likita ta waya, ku kuma haɗa duk gwaje-gwajen a tafiya ɗaya. Tun 2006 gwamnati ta tsayar da cewa jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a cibiyoyinta. Mai ƙaramin yaro kada ya ce bari ya girma a gani.

Hattara: babu ƙwaya ko jiƙo ko allurar da ke cire otizim. Duk wanda ya ce ku kawo rago da jika hamsin ya warkar da shi cikin mako, kuɗinku yake so. Allurar rigakafi ba ta kawo shi, kuma ba laifin uwa ba ne. Addu'a muna yi dare da rana, amma duka da ɗauri da turara hayaƙi a fuskar yaro cutarwa ce, ko da sunan me aka yi ta.

3. Kaye ɗaya na shaida

Ku sayi kaye mai shafi 200 da jakar leda mai ƙarfi. Kowane yaro shafi biyu: shekarunsa, unguwa, irin lalurarsa, yana lakkol ko a'a, in an mayar da shi wace rana ce kuma me aka ce, nawa ake kashewa a magani da kuɗin kabu-kabu a wata. A rubuta abin da ya faru kawai, ban da zagi, ban da "an ce".

Amfaninsa zai fito ranar ganawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin 100 na ƴan Nijar suna da naƙasa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da otizim. Waɗannan alƙaluma suna da kyau a wasiƙa, amma ban taɓa ganin sun sa ma'aikaci ya ajiye wayarsa ba. Abin da ke sa shi gyara zama shi ne a ce masa, "Tsakanin wannan masallaci da wancan famfo akwai yara kaza da shekarunsu suka kai, babu ko ɗaya a aji."

Hattara: kayen sirrin gidaje ne. Mutum ɗaya ke riƙe shi. Abin da za a fitar waje adadi ne, ban da sunaye, sai in iyayen sun yarda baki da baki.

4. Ku zaɓi buƙata ɗaya

A nan yawancin tafiyar ke lalacewa, mu ma a nan muka yi asarar wata shida. Wasiƙarmu ta farko ta nemi makaranta ta musamman, da likitoci, da kekuna, da tallafin wata-wata, da aikin yi ga manya. Duk gaskiya ne, duk ana buƙata. An karɓe mu da fara'a, aka ce Allah ya saka, za a duba. Babu abin da ya biyo baya, kuma da na natsu na gane dalili: babu mutum ɗaya a garin nan da duk waɗannan ke hannunsa, don haka kowa ya ga ba da shi ake ba.

Buƙatar da ke tafiya tana da alamu uku. Mutum ɗaya zai iya cewa "to" a kanta. Ana iya gani da ido ko an yi ko ba a yi ba. Kuma za ta yiwu cikin wata uku zuwa shida. "A kula da naƙasassu" ba buƙata ba ce, addu'a ce. Buƙata ita ce a karɓi yara huɗu a lakkol kaza a watan Oktoba, ko a yi gangarar keke a ƙofar CSI kaza, ko a ware safiya ɗaya a wata da za a duba yaranmu ba tare da dogon layi ba, domin yaro mai otizim ba ya iya zaman awa uku cikin cunkoso da kukan jarirai.

In lakkol kuka zaɓa, kada ku tsaya kan "a karɓe shi". Ku faɗi yadda. Ni da nake tsayawa gaban allo na san abin da ke ran malamin da ke da yara saba'in ko fiye a aji aka ce ga ƙarin wanda ba ya zama wuri ɗaya. Sau da yawa ba mugunta ba ce, tsoro ne, bai san me zai yi da shi ba. Ku sauƙaƙa masa da abubuwan da ba sa cin ko dala: yaron ya zauna gaba, jikin bango, nesa da ƙofa da taga; ya fara da awa biyu na safe, a riƙa ƙarawa a hankali; a bar yayarsa ko innarsa ta zauna kusa da shi makonnin farko; a manna masa hotuna a tebur da ke nuna abin da za a yi bi da bi, karatu, hutu, tashi; a nuna masa wuri ɗaya a tsakar lakkol da zai je in kansa ya ɗau zafi; kuma kada bulala ta taɓa shi. A lakkol ɗin ɗana ƙarfen ƙafar mota ne rataye a itace ake bugawa in lokacin hutu ya yi. Duk bugu sai ya toshe kunnuwa ya faɗi ƙasa yana ihu, ana cewa iskokinsa sun tashi. Abin da ya warware matsalar shi ne yaron da ke buga ƙarfen ya riƙa leƙowa ya ɗaga masa hannu kafin ya buga. Da ya san ƙarar na tafe, sai ya rufe kunnensa da kansa ya jira ta wuce.

In gangara kuka zaɓa, ku je da awo, don magini in an bar shi zai zuba muku abin da ko mai ƙafa biyu sai ya dafa bango. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce duk tsayin santimita 10 a ba shi tsawon santimita 120. Dakali mai tsayin santimita 30 ke nan yana son gangara mai mita 3.6. Faɗinta ya kai mita 1.2, a bar saman da kaushi kada a goge shi sumul, ƙofar da take kaiwa kuma kada ta gaza santimita 90. Ku sa magini ya rubuta muku adadin buhun siminti da yashi da tsakuwa da kuɗin hannu, ku haɗa da wasiƙar. Kafin simintin ya bushe a ce an gama, mai keke ya zo ya duba da idonsa, in ta bushe kuma shi zai fara hawa shi kaɗai ba mai turawa.

5. Ku riƙe doka uku a ka

Ba sai kun zama lauyoyi ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a watan Yunin 2008. Sashe na 24 yana magana kan ilimi tare da sauran yara, na 25 kan lafiya, na 9 kan samun hanyar shiga gine-gine. Akwai doka mai lamba 2019-62 ta ranar 10 ga Disamba 2019 kan shigar da masu naƙasa cikin al'amuran ƙasa. Akwai kuma ta 1993 da ta tanadi kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu naƙasa a ma'aikatun da ke da ma'aikata 20 ko fiye. Ku nemi kofinsu wurin FNPH ko ofishin kula da jin daɗin jama'a na jiha, a nan kuma ku tambayi rangwamen da ake yi wa masu naƙasa a asibitocin gwamnati da takardun da ake nema kafin a ba da shi. Fotokofi sefa 25 ne shafi a yawancin shaguna.

Hattara: doka a hannunku ba sanda ba ce. Wanda ya shiga ofis yana kaɗa takarda yana cewa "kun taka doka" ya rufe ƙofa da kansa. Amfaninta shi ne ta fitar da maganarku daga sahun bara. Ba sadaka kuka zo nema ba, abin da ƙasa ta riga ta rubuta ne.

6. Wa ke da ikon cewa to, kuma yaushe?

Ku fara daga ƙasa. Maganar lakkol: direkta, sannan kwamitin gudanar da lakkol, wato COGES, da ƙungiyar iyaye mata ta lakkol ɗin, sannan sufeton yanki, sannan ofishin ilimi na jiha. Maganar CSI: majo mai riƙe da wurin da kwamitin lafiya, sannan babban likitan gunduma. Abin da ke son kuɗin gini kuma na ofishin magajin gari ne. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da su, kuma birnin Tawa gunduma biyu ne, don haka ku tabbatar da wadda unguwarku ke ciki kafin ku rubuta.

Tsallake na ƙasa babban kuskure ne. In kun kai ƙarar direkta wurin sufeto ba ku taɓa zama da shi ba, ko an tilasta masa ya karɓi yaron, a hannunsa za ku bar shi kowace safiya.

Lokaci ma yana da nasa. Maganar shiga lakkol a fara ta tun Mayu ko Yuni, kafin a tafi dogon hutu, a sake tayar da ita a Satumba. Abin da ke son kuɗi ya isa kafin watannin ƙarshen shekara, lokacin da ake tsara kasafin shekara mai zuwa. Wanda ya zo a Maris za a ce masa babu shi a kasafi, kuma ba ƙarya aka yi masa ba.

7. Ku bi ta wurin mai unguwa da liman

Kafin wasiƙa ta fita, mutum biyu ko uku, da namiji dattijo a ciki, su je gaida mai unguwa. Namu ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "To ɗiyata, mi kuke so in yi muku?" Na ce, "Ranka ya daɗe, abu biyu: ka sa mana hannu a takarda, ka kuma ba mu wakili ya raka mu." Ya yi duka biyun. Da mun ce masa "a taimaka mana" kawai, da addu'a za mu tashi.

Wurin liman kuma roƙon daban ne. "Allah gafarta Malam, muna so a ja hankalin jama'a kan jifa da tsokanar da yara ke yi wa irin ɗiyanmu a hanya." Malamai sun fi mu sanin cewa Suratu Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum. Magana ɗaya bayan sallar Juma'a ta kai inda ƙafarmu ba za ta kai ba, musamman kunnen iyaye maza, waɗanda su ne suka fi wuyar fitowa a wannan lamari.

8. Wasiƙa da ranar ganawa

Shafi ɗaya. Sakin layi na farko ya faɗi ku su wane ne kuma gida nawa. Na biyu ya kawo abin da kayenku ya nuna. Na uku ya faɗi buƙatar, ɗaya tak, da lokacin da kuke fatan a yi ta. Na huɗu ya ambaci dokar a layi ɗaya, ya faɗi abin da ku za ku kawo, ko yashi ne ko aikin hannu ko mai rakiyar yaro. A ƙarshe ku nemi ganawa, ku sa lambar waya biyu. Ko da yake kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, aikin ofis har yanzu da Faransanci ake yin mafi yawansa. Ku rubuta da shi, amma a karanta wa kowa ma'anarta da Hausa kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa.

Ku buga kofi biyu. Ɗaya a bar wa sakatariya, ɗaya a buga muku hatimi da kwanan wata da lamba ku dawo da shi, abin da ma'aikata ke kira desharji. Wasiƙar da ba ta da wannan kamar ba a kai ta ba ce. Kada a ba wani "ya miƙa" saboda ya san wani a ciki. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Ranar ganawa mutum huɗu sun isa: uwa ɗaya, uba ɗaya, babban mutum mai naƙasa, da mai rubutu. In da kurma a cikinku, a tafi da mai fassara masa da hannu. Ku raba magana tun a gida, ku ɗauka minti goma sha biyar kawai za a ba ku. Mai naƙasar ya fara, don sau da yawa ma'aikaci kan kalli mai rakiya ya bar mai maganar, kuma wannan ɗabi'a tana cikin abin da kuka zo gyarawa. In an ce "za mu duba", ku yi godiya, sannan mai rubutu ya tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, wace rana za mu dawo, kuma wa za mu nema?" Kada ku tashi ba rana ba suna.

Hattara: kada ku ɗauki yaro mai otizim ku kai shi ofis don a gani a ji tausayi. Baƙon wuri da jira za su birkita shi, a ƙarshe abin da za a tuna shi ne ihunsa, a ce ai ga dalilin da ba zai iya zaman aji ba. Ba kayan nuni ba ne.

9. Rediyo, WhatsApp da taron jama'a

Ku koma ranar da aka ba ku, ko ana zafin Afrilu. In ba a yi ba, wasiƙar tuni bayan mako biyu, da kofin ta farko a manne. In an yi shiru sau biyu, sai ku hau mataki na sama, ku kuma sanar da na ƙasan cewa za ku hau.

Rediyo na zuwa ne a nan, ba tun farko ba. Maimakon ku sayi sanarwa, ku nemi mai gabatar da shirin lafiya ko na mata a tashar Muryar Sahel ta jiha ko gidajen rediyo masu zaman kansu ya gayyace ku, wanda galibi ba a biya. Ranaku uku ne ƴan jarida da kansu ke neman wanda zai yi magana: 2 ga Afrilu ranar otizim ta duniya, 31 ga Yuli ranar naƙasassu ta ƙasa, da 3 ga Disamba ta duniya. Ku shirya musu tun da wata guda. A iska ku faɗi buƙatarku, ku kuma yaba wa duk wanda ya yi abin kirki, domin direktan da ya ji an gode wa maƙwabcinsa a rediyo yakan sauko da kansa.

Hattara: tun watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet. Saƙon murya ɗaya da aka yi cikin fushi aka ambaci sunan ma'aikaci zai iya kai mutum gidan kaso, ya kuma rusa aikin shekara. A zaurenku na WhatsApp a sa doka: ba sunan mutum, ba hoton yaro sai da yardar iyayensa, ba hoton yaro yana kuka ko tsirara ko da sun yarda. Taro a fili kuma, a halin tsaron da ake ciki, sai an sanar da hukuma a rubuce tun da kwanaki an samu amsa. Zama a tsakar lakkol ko ƙofar gidan mai unguwa ya fi sauƙin samu, kuma ya fi jawo waɗanda kuke so su ji.

10. Rajista, kuɗi, da tsare abin da aka samu

Kada ku fara da rajistar ƙungiya. Na ga mutanen da suka ƙare ƙarfinsu wajen rabon muƙamai kafin su taimaki yaro ko ɗaya. Sai kun ci nasara ɗaya, kun ga waɗanda ke zuwa ko babu shayi, sannan ku yi. Dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984 ce ke aiki: kundin tsarin ƙungiya, dokokin cikin gida, rahoton taron kafawa da sunayen shugabanni, a ajiye a hukumar yankinku a karɓi rasit na wucin gadi, izini na dindindin kuma daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa. Yana ɗaukar watanni. Kafin nan kuna iya aiki a ƙarƙashin inuwar wata ƙungiyar da ke cikin FNPH.

Kuɗi kuwa, ko jika biyar ne, mai riƙewa daban, mai rubutawa daban, a karanta lissafi da babbar murya a kowane zama. Mu abin da muka kashe daga ziyarar farko har yaranmu suka shiga aji, fotokofi da buga wasiƙu da kabu-kabu da katin waya, bai kai jika talatin ba. Tafiya Yamai ce mai tsada, ita kuma kowane gida da nasa, sai dai mun yi adashe don wanda ranarsa ta zo. In wata ƙungiyar agaji ta zo da tallafi, ku karɓa in ya dace da buƙatar da kuka riga kuka zaɓa, a rubuce, a gaban kowa.

Ku kuma duba iyayen da kansu. Uwar yaro mai otizim takan yi shekaru ba ta yi barcin kirki ba, wata an sake ta saboda yaron, wata kishiya da dangin miji sun sa ta gaba. Mun tsara cewa duk Asabar gida biyu su riƙe yaran gida biyu na awa uku, uwa ta je kasuwa ko ta kwanta. Ba don wannan ba, da rabinmu sun janye.

Abin da aka samu kuma yana iya zubewa cikin hutu ɗaya, domin kafin komawa lakkol ake sauya wa malamai da direktoci wuraren aiki. Duk yarjejeniyar da kuka yi, ku sa a rubuta ta cikin rahoton zaman COGES, ku karɓi kofi. A makon ƙarshe na Satumba ku je ku gaida wanda aka kawo, ku miƙa masa kofin, tare da shafi ɗaya kan kowane yaro: abin da yake so, abin da ke firgita shi, yadda yake nuna yana jin fitsari ko ƙishirwa, lambar wanda za a kira. Na ɗana layi bakwai ne. Na ƙarshen yana cewa in ya toshe kunne ya miƙe, a bar shi ya fita gindin itacen dogon yaro da ke bayan aji, kada a bi shi, zai dawo da kansa kafin minti goma.